Ɗigon Dalma

A buhun shinkafa Nafi'u ya kawo min ita.
Wata bakwai ya yi yana tara kuɗinta
da wankin babura a gindin gadar Kawo.
Ya ce, "Yaya, a sa mata 'yar ƙwaƙwalwar nan
ta riƙa karanta kowane faifai."
Na ce aikin minti ashirin ne.
Ban taɓa yi ba. A waya na kalla sau uku,
na manta gani ba ci ba ne.

Waya takwas na liƙa lafiya lau.
Ina kan ta tara janaretan maƙwabci ya yi tari,
ƙwai ya lumshe, hannuna ya goce.
Ɗigon dalma, bai kai ƙwayar gero ba,
ya faɗa tsakanin ƙafafu biyu
ya ƙulla musu zumuntar da ba su nema ba.
Da na tsaya a nan, da da sauƙi.
Sai na danna ƙarfen, na daɗe, na kankara,
har jijiyar tagulla ta ɗago daga koren allo
ta nannaɗe kamar gashin da ya ji wuta.
Ƙaurin ya bi ni har shimfiɗa.

Da safe na ce da yaron akwai sauran aiki.
Na rungume buhu, na tsallake kogi zuwa Kakuri.

Shagon Baba Jatau faɗin tabarma biyu ne,
jingine da katangar masaƙar da ta yi shiru,
inda ya shekara sha tara yana bin wayoyin inji.
Ya ɗora tabarau a kan tabarau.
Ya daɗe yana kallo.
"Wa ya yi noma a nan?"
Na ce wani yaro ne.
Ya dubi ƙunar da ke babban yatsana,
ya ce, "To, yaron ya matso da kujera."

Ya ɗiga mai, ya kwantar da kitson tagulla,
kitson ya shanye dalmar kamar tsumma a bakin randa.
Sifirit da tsohon buroshin haƙori.
Sai ga raunin a fili, tsawon rabin farce:
hanya ta taho, ta yanke, ta ci gaba a can gaba.
Da bakin reza ya kankare koren fenti
a gaɓar nan da gaɓar can,
a hankali, har ja ya leƙo.
Ya zaro sili guda daga cikin matacciyar rediyo,
siririn da in ka yi atishawa ka rasa shi,
ya kama da hantsaki.
Ya ce in kashe fanka.
Ya ce in daina numfashi a kansa.

Taɓawa ɗaya a nan.
Taɓawa ɗaya a can.

Mita ta yi tsiwa, ƙiii,
ban taɓa jin kiɗan da ya kai wannan ba.
Ya buɗe jan farcen jikarsa
ya ɗiga a kan gadar don kada ta motsa.

Na miƙa hannu aljihu, ya miƙo min ƙarfen.
"Ta taran tana jiranka.
Ƙirga biyu ka ɗaga. In ba ta kama ba,
bari ta huce. Allo ba ya son naci."
Hannuna na rawa. Na ƙirga biyu.
Na ɗaga.

Dubu biyu da ɗari biyar, da kuɗin shayi.

Da daddare a Kawo, ƙwallo ta cika talabijin.
Nafi'u ya zura min uku kafin hutun rabin lokaci.
Na ce, "Akwai ɗigon jan farce a cikin na'urarka,
ni na ƙona ta, wani tsoho ya ɗinke."
Bai ko waiwayo ba.
Ya ce, "Na ji ƙaurin tun jiya.
Ɗauki naka, an dawo fili."