Katin da Bai San Sunana Ba

Daga Brebes na ɗauko albasa buhu arba'in,
ja, ƙanana, masu sa hawaye tun ba a yanka ba.
Asuba ta riske ni a ƙofar Pejagan.
Na sa hannu a aljihun gaba, wayam.
Na laluba ƙarƙashin kujera:
kwalin taba, tsinken sakace, rasit ɗin man jiya.
Kati dai ko sama ko ƙasa.

Ƙarfen shinge ya gitta kamar bai taɓa ganina ba,
ni da nake bi ta nan shekara tara.
Na baya suna ta danna hon.
Wani mai bas ya sauko, ya miƙo nasa:
"Taɓa da wannan, ka ba ni tsaba."
Har hannuna ya tafi, sai na tuna Wagiman,
wanda ya shiga da katin wani, ya je mafita hannu rabbana,
tarar da aka yanka masa ta lashe ribar lodi biyu.
Kayan aro ba ya rufe katara.
Na ce na gode.
Ma'aikaci ya janye ni gefe, kunya tana bina a baya.

A kantin bakin hanya, yarinya mai suna Lastri
tana hamma a bayan kanta.
Na ce, kuɗina na cikin tsohon fa?
Rupiya dubu ɗari biyu, ko taɓa su ban yi ba.
Ta ce, "Baba Tarmuji, kati bai san sunanka ba.
Kamar kuɗi ne ya faɗi a kasuwa,
wanda ya tsinta shi ke da rabo."
Na haɗiye wannan da busasshen maƙogwaro.

Ta ɓare sabo, ta zuba masa kuɗi,
ta juyo min allon na'ura in gani da idona.
"Ka duba saura tun kana gida,
bakin shinge ba wurin lissafi ba ne.
Ɗora shi, kar ka goga, jira kore ta kama.
Wanda ya shigar da kai, shi zai fitar da kai."
'Yar cikina ce a haife, amma na ce to.

Na ɗora. Ƙit! Ƙarfe ya ɗaga hannu.
Albasa ta isa Jakarta rana ta take,
dillali ya rage min farashi, ban yi musu ba.

Ran Lahadi ina shan shayi a tsakar gida,
sai ga Ningrum, autata, kwance a tabarma,
tana ja wa littafin lissafi layi
da gefen wani abu mai shuɗi.
Na kalla. Na sake kallo.
Sumirah ta rufe baki da zane tana dariya.

Yanzu biyu gare ni.
Sabon na rataye da zare a wuya,
tsohon yana ƙasan akwatin Sumirah.
Ningrum kuwa, na sayo mata rula.