Zauren Baba Nomau

A Bagalam, bayan sallar isha'i,
zauren Baba ya kan zama wata ƙasa.
Da rana awon gyaɗa yake wa wasu,
da dare shi ke da mulkin waya da darma.
Gawar rediyo uku a kan tabarma,
pil ɗin da ya mutu yana shan rana a kan danga
ko zai farfaɗo.

Jadi direba, Labo mai gyaran keke, Tankari,
shayi na tafasa, gardama na tafasa.
Babu wanda ya taka lakwal a cikinsu.
Sun ce aikin maza ne,
mace ta tsaya bakin ƙofa da tiren tuwo.

Ni ce na tsaya.
Shekarata tara, idona ya fi nasa.

Daren da hannunsa ya soma rawa
ya kira ni a hankali, kada Inna ta ji:
"Tsahara, yatsunki ƙanana ne,
naɗa mini wannan jan ƙarfe a jikin kara,
sau sittin, kada ki ƙara ko ɗaya."
Na naɗa, ina ƙirgawa a zuci.
Ƙusar da ya gasa a gawayi
ta ƙone ni a babban yatsa. Ban yi kuka ba.

Washegari suka kafa gora a kan soro,
wayar birkin keke ta miƙe tana roƙon sama.
Akwatin ya yi tari, ya yi shiiii,
sai ga Yamai tana magana a zaurenmu!
Jadi ya jefa hula.
"Nomau, namijin duniya!"
Aka ce in kawo ruwa.

Na kawo.
Baba ya karɓi kofi, bai dube ni ba,
amma ya riƙe yatsan nan ya ɗan matsa.

Yau rumfata na kusa da tashar Zindar,
talho ɗari na jiran hannuna.
Filayarsa na nan, ƙotarta ta sha tsumma.
Har yanzu wani ya kan leƙo, ya dubi bayana:
"Hajiya, ina mai gyaran?"
Sai in ce ya fita,
kawo in gani kafin ya dawo.

Tabon bai ɓace ba.
In kuran ya ɗauke, na zauna cikin duhu,
na kan shafa shi ina ƙirga sittin.