Durowa Biyu, Yaro Ɗaya

Makarantu goma sha ɗaya ke wuyana a Dakota ta Arewa,
motar masu keken guragu ɗaya tal,
ita ma ƙanƙara ta liƙe ƙofarta tun Litinin.

Teburina durowa biyu gare shi:
hagu, masu buƙata ta musamman,
dama, waɗanda aji ya yi wa kaɗan.
Kowace da asusunta.

Sai ga Anders Tvedt, shekara tara.
Igiyar takalmi ta gagare shi,
ƙararrawa na kora shi ƙarƙashin benci,
amma jiya, a bayan takardar abincin rana,
ya kamo kuskure a littafin lissafin 'yan aji goma.

Malama Solveig ta bugo: "Wace durowa?"
Uwarsa, ko kayan aikin dare ba ta tuɓe ba,
ta ce, "Ku dai kar ku tsaga min shi biyu."

An ce abin da babba ya hango,
yaro ko ya hau rimi...
Yau ni ce a gindin rimin.

Na zazzage durowoyin a ƙasa.
Gobe kwamitin kasafi zai gan ni
da fayil ɗaya,
da wata takarda mai maiƙo.