Ɗaki na Tara

Mun sauka daga jirgin ruwa da hantsi,
Kuzey riƙe da gefen rigata.
Ba ya riƙe hannu. Gumi yana cizo, in ji shi.

A ƙofar gidan zane-zane na Istanbul
na'urar bincike ta yi tsuwa sau ɗaya.
Ya durƙusa, tafuka a kan kunnuwa.
Na san durƙuson nan. Na ƙirga ashirin.

Ciki kuwa takalma ɗari na dukan daɓe,
'yan makaranta, baƙi masu kyamara,
turaren wata mata ya riga ta shigowa.
Ni ban ji fitilar sama ba. Shi ya ji.
"Baba, tana kuka kamar sauro."

Kuɗin ɗakuna goma sha huɗu na biya.

Wata mai gadi, Nermin aka rubuta a ƙirjinta,
ba ta tambayi abin da ke damunsa ba.
Da haɓa ta nuna mana lungu:
benci, ba kowa,
sai zane guda, shuɗi daga sama har ƙasa.

Ya zauna. Kafaɗunsa suka sauko
kamar tafasa in an janye itace.
Burodin riɗinmu ya huce a jaka.

Shuɗi kawai na gani, har na soma duba agogo.
Ya ce, "Bakwai ne. Shuɗi bakwai.
Na ƙasan nan ya fi yin shiru."

Na matsa, na ƙura ido, na samo huɗu.
Sauran ukun, ya ce, sai Talata,
in mutane sun ragu.