Jan Ɗigo a Aboabo

Sun ba ni tebur a hawa na huɗu
da allo mai faɗin dardumar salla.
Kumasi na kwance a kai, an wanke ta tas,
ba ƙara, ba wari, ba mai neman canji.
Kowace unguwa ɗigo ce mai numfashi:
kore in iska ta yi daɗi,
ruwan ɗorawa in ta fara nauyi.
Aboabo ja ce tun kafin hantsi.
Can aka binne cibiyata.

Oga Boakye ya nuna da bakin biro,
ya ce, "Ga inda matsalar take."
Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."
Ban gaya masa ba rabin jan nan
gawayin Inna Lantana ne,
mai wake da shinkafa a bakin kwalbati,
tukunyar da ta biya kuɗin jarrabawata.
Na'urar da muka rataya a falwaya
tana shaƙar hayaki tana ƙirgawa,
ba ta san wa ya hura wutar ba,
balle bakuna nawa ke jiran a sauke.

Babana shekara talatin da biyu
yana kwance ƙarƙashin motoci a Suame,
ya fi sanin cikin tsohuwar trotro
fiye da tafin hannunsa.
Ranar da na nuna masa hoton bas mai batir
ya daɗe yana juya wayar.
"Ba salansa, Azumi? Ba baƙin mai?
To ni me zan kwance?"
Ya yi dariya, dariyar ta zama tari,
tarin da nake ji ta bango kullum asuba.
Ban san wanne zan fara ceto ba,
huhunsa ko sana'arsa.

Na ja layin kekuna a taswira,
miƙaƙƙe, kyakkyawa, kowa ya yaba.
Sai da na koma gida na auna da ƙafa
na ga ya ratsa shagon telan makwabta,
ya fita ta bayan gidan wanka.
Jirgi marar matuƙi da ya ɗauki hotonmu
bai ga lunguna ba:
kwanon rufi ya sumbaci kwanon rufi,
daga sama duk tsatsa ɗaya muke.

Bara aka kafa fitila mai cin rana.
Yara na bitar karatu a gindinta har sha ɗaya,
wannan ba zan ɓoye ba.
Amma sai da aka sare darbejiyar Malam Gambo
don fitilar ta ga rana da kyau.
Yanzu dare ya yi haske,
azahar kuwa ba inda za ka raɓe.

Da damina saƙo ya shigo wayoyi:
ku yi hattara, ruwa na tafe.
Inna ta karanta shi tsaye a kan benci,
ruwa har gwiwa, leda na yawo a ɗaki.
Kwatar da ta toshe tun ina firamare
ba ta buƙatar wayo. Shebur take so.

Asabar ɗin nan na bar allon a kashe.
Na ɗauki takarda, na bi gida gida.
Wata tsohuwa ta ce in rubuta famfo.
Wani yaro ya ce filin ƙwallo.
Inna Lantana ta ce in gas ya sauko
ita ma ta gaji da jan ido.

Litinin na zauna shigar da su.
Kwamfuta ta tambayi nau'in kowane abu:
titi, gini, magudana, wurin ajiye mota.
Na zo kan kututturen darbejiya,
na nemi gurbin inuwa, babu.
Na sa shi a layin "gyaran gaggawa".
Oga bai gani ba tukuna.