Ayu a Dunganab

Ohaj ba shi da kuɗin gyaran inji.
Ya ce, "Bahaushe, in biya ka da teku?"
Na dubi baƙin mai a faratana.
Shekara talatin ina farke cikin injuna a Bur Sudan,
ban taɓa wuce inda ruwa ke kai mini ƙugu ba.
Na ce to.

Muka bar Muhammad Ƙol kafin assalatu,
mu biyu, jarka uku, butar jabana,
a jirgin da bai fi shimfiɗar mutum huɗu ba.
Arewa muka dosa.
Hagu duwatsu, ja kamar garwashin da ya kwana,
dama kuwa ruwa ne
da abin da Allah kaɗai ya ƙirga.

Da hantsi sai ga su, bakwai ko tara,
suna ɗinke ruwa kamar allura a wuyan riga.
"Abu Salama," in ji Ohaj,
da muryar mai gaida maƙwabci ta katanga.
Ɗaya ya kifa gefe, ya dube ni da ido guda.
Na rantse ya san ban iya iyo ba.

A wani tsibiri da ba shi da ko inuwa
shaho ya yi gini da ƙirare, da igiyar koma,
da silifa ƙafa ɗaya.
Raƙuma sun shiga ruwa har gwiwa suna cin ganyen shora.
Kififiya ta ɗago kai, ta harare mu
kamar dattijon da aka tasa daga ƙailula.
Sai wata inuwa ta ratsa ƙarƙashinmu,
faɗin tabarmar masallaci, tana kaɗa fiffike a hankali.
Na damƙe katako, na karanto duk abin da ya zo baki.
Ohaj ya yi dariya har sai da ya yi tari.

La'asar sakaliya ya kashe inji.
Ban san shiru yana da nauyi ba sai ranar.
Ƙasan ruwa ciyawa ce, kore shar,
da wasu layuka kamar an bi da garma.
Ya ce, "Jira."

Kakata Yabi 'yar Yawuri ce.
Shekara tara tana taka ƙasa za ta Makka,
guzuri ya ƙare a Sawakin,
ta zauna tana tuya tana kallon ƙetare har ta rasu.
Ita ke ce mana a Kwara akwai ayu,
mai shayar da ɗa a ƙirji kamar mace.
Mu kuwa 'ya'yan birni mu ce, "Ƙurunƙus, Kaka,"
mu watse.

Fuuu.
Kamar tsohuwa ta sauke tulu.

Hanci ne ya fara fitowa,
sannan baya mai launin sabuwar tukunya,
ɗan yana manne da haƙarƙarinta.
Taku biyar tsakaninmu, ko ƙasa da haka.
Na buɗe baki in kira Kaka,
sai na ga tabon.

Uku ne, a jere, tazara ɗaya.
Ba haƙori ba ne.
Na san farfelar da ke wannan rubutu,
na miƙe irinta da guduma sun fi ɗari,
na goge bakinsu har suna ɗaukar ido,
an biya ni, na sayi burodi.

Ta sake numfashi, ta nutse.
Ɗan ya bi ta.
Ruwa ya rufe kamar ba a taɓa buɗe shi ba.

Rana ta sauka kan duwatsu.
Na kai hannu ga igiyar inji, na fasa.
Ohaj bai tambaye ni ba.
Ya janyo filafili daga ƙarƙashin koma ya miƙo mini,
ya ɗauki ɗayan.

Har taurari suka fito muna tuƙi,
ni ina karkata jirgi, shi yana gyarawa.
Tafina ya yi ƙuraje, gishiri ya shiga.
Ban ce komai ba.
Da muka kai gaɓa ya dafa jabana da citta,
na riƙe finjali da 'yan yatsu biyu,
ina sauraren baya.