Lasisin Yara Shida

Da masana'antar takarda ta rufe ƙofa
na dawo gida da kwanon abincin rana
da shekara goma sha tara a gadon baya.
Gunnar ya ce, "Loretta, ki huta."
Hutu ba ya biyan kuɗin wuta a Duluth,
garin da sanyin tafki ke shigowa ta ƙasan ƙofa
babu sallama.

Na cika fom. Fom ya haifi fom.
Aka ɗauki zanen yatsuna goma,
aka ɗauki na Gunnar, har da na ɗanmu
mai kwana a ɗakin ƙasa.
Asabar uku ina durƙushe a zauren coci,
ina hura numfashi a bakin 'yar tsanar roba,
ina danna ƙirjinta da yatsu biyu,
ina ƙirga talatin, ina roƙo a zuci
kada ranar nan ta zo.

Misis Halvorsen ta iso da tef ɗin awo.
Ta auna falo, ta auna tsakanin sandunan gado,
ta tsoma ma'auni a ruwan famfo
ta ce zafinsa ya zarce.
Sai ga ta da furfurarta tana rarrafe,
wai ta ga gidana da idon ɗan wata tara.
Daga ƙarƙashin kujera ta zaro maɓalli,
ta ɗora mini a tafin hannu, ba ta ce uffan ba.
Na so ƙasa ta tsage.

Wuƙaƙe suka hau sama,
magunguna suka sha kwaɗo,
bindigar farautar Gunnar ta yi ƙaura gidan ƙaninsa.
Wata biyar, sannan takarda ta zo:
yara shida, babu ƙari.
Na rataye ta kusa da firji.

Yanzu shida da kwata fitilar mota ke haska labule.
Winona ce ta fari, da bargo mai warin gidansu.
Tobias ba ya cin abin da ya taɓa wani abu a faranti.
Ingrid na cizo in ta gaji.
Safar hannu goma sha biyu,
kafin in saka ta ƙarshe an cire ta farko,
wani kuma ya ce fitsari.
Minti arba'in na shiri
don minti goma cikin dusar ƙanƙara.

Ranar Talata wata ta ƙwanƙwasa,
rigar aikin asibiti a jikinta, jariri a kafaɗa.
Ta ce ta buga waya gida goma sha ɗaya.
Na dubi falona, ga fili.
Na dubi takardar da ke jikin bango.
Na ce mata babu.
Na rubuta mata lambar Bernadette a bayan ambulan,
na tsaya a taga har motarta ta sha kwana.
Abincin daren nan bai wuce mini wuya ba.

Jiya Mateo ya saki ƙafar tebur.
Taku ɗaya, biyu, uku,
ya zube a cinyata yana dariya.
Ni kaɗai na gani, sai Ingrid, ita kuwa ba ta da baki tukuna.
Da yamma uwarsa ta zo a gajiye,
na ce, "Ki sa masa ido, ya kusa."
Yau da asuba ta shigo da waya a hannu
tana nuna mini takunsa na farko a kicin ɗinta.
Na dafe ƙirji. Na ce, "Kai, Mateo!"

Da dare ni da rasit ne a teburin kicin:
madara, inshora, haraji,
da iyaye biyu da ba su biya ba.
Abin da ya saura bai kai albashin masana'anta ba.
Maɓallin nan yana cikin kofi a saman firji.
Kafin in kwanta sai na durƙusa
na bi falon da rarrafe sau ɗaya.